Wasiyyar da Na Rubuta da Rula

Babu ilimi mai haɗari kamar na mutumin da ke zaune shi kaɗai, domin ba shi da mai ce masa, "Kai, dakata."

A shekarata ta huɗu a Barking, wata unguwa a Landan, na karanta cewa sinadaran da ɗan tayi ke samu a ciki suna shafar tsawon yatsunsa, har ana zargin namijin da yatsan zobensa ya fi manuni tsawo ya fi fuskantar wata irin cutar kansa. Na ɗauko rula na auna hannun dama. Tazarar ta yi muni.

Ban nemi likita ba, ai ni mai karatu ne. Na tsara wasiyya da Hausa mai tsafta, na tura wa 'yan gidanmu tare da hoton hannun. Na roƙi a kai gawata Jos, don a nan ban san wanda zai raka ta ba.

Nan take Yaya Ladi, babbarmu, ta kira.

"Auta, manunin da injin markaɗen Mama ya gutsire kana shekara uku kake aunawa? Auna na hagu mana!"

Na auna. A can manunin ne ya fi tsawo.

Har yau duk wanda ya ɗauki wayata a gida sai ya ƙwala kira: "Ku zo, Marigayi ne daga Landan!"