Saƙon da Bai Jira Kawu Ya Ɗago Kai Ba

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na zauna a ƙofar gidan Kawu Sani a unguwar Tahaggart ba, ina kallon tabarmi layi-layi babu kowa a kansu, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Daga Damagaram na zo Tamanrasset, da ɗan ilimin haɗa manhajar waya da girman kan da ya fi ilimin nauyi. Kawu, yayan mahaifiyata, mai shago a Kasuwar Assihar, shi ya ba ni ɗaki da abinci. Don kada a ce cin banza nake, sai na haɗa wa 'yan ƙasarmu na kasuwar manhajar sanarwa: suna, ɗaurin aure, rasuwa, ka rubuta ka danna, kowa ya gani. Na bi rumfa-rumfa ina sa wa dattawa (rabinsu don kunyar Kawu suka miƙo wayar).

Abin da na fi ji da shi a ciki wani ɗan rubutu ne da masu sana'armu ke kira tos. In ka danna abu sai ya leƙo daga ƙasan waya, ya ce "An aika", ya ɓace da kansa. Na ga haka manyan manhajoji ke yi, ni ma na kwaikwaya. Har saƙon da ke cewa "Bai tafi ba, sake gwadawa" a tos na sa shi, launi ɗaya, wuri ɗaya, saurin ɓacewa ɗaya. A lokacin gani nake na iya aiki.

Sai Hadiza, autar Kawu, ta sauke Alƙur'ani. Kawu ba shi da burin da ya wuce ta yi karatu a gaban abokansa na kasuwa. Ana cikin shirin walima motar kayansa ta lalace a garin In Amguel, can nesa kan hanya, dole ya tafi. Daga can ya kira ni.

"Ɗana, ba zan samu zagaya mutane ba. Ko in sa a bi su da dabino yadda aka saba?"

"Haba Kawu, ai an wuce wannan zamanin. Na rubuta maka komai a manhajar, koren maɓallin nan kawai za ka danna."

Ya kuwa danna. Rezo, wato layin sadarwa, a wurin ba ƙarfi, saƙo ya ƙi tafiya, tos ya leƙo ya faɗi gaskiya. Daidai lokacin wani direba ya yi masa sallama, shi kuwa Kawu ba ya amsa gaisuwa ido na kan waya. Kafin a gama tambayar gajiya da iyali da hanya, rubutun ya yi nasa wuri. Ni kuma, gwanin, ban lura sanarwar ba ta shigo tawa wayar ba (na kashe ƙararta tun ina gwaji, wai tana damuna).

Ranar walima aka yanka raguna, aka dafa shinkafa kamar za a ciyar da unguwa. Cikin gida ya cika maƙil da mata, don matar Kawu da ƙafarta ta bi gida-gida. Waje kuwa liman ne da maƙwabta 'yan tsiraru. Rana ta ɗaga, shayi ya huce, Kawu na ta gyara zaman rawani yana leƙen bakin layi.

"Ba zai yiwu ba," na ce da ƙarfi, na karɓi wayarsa. Ga sanarwa nan kwance, ba ta je ko'ina ba. Maimakon in yi shiru, sai na tashi wanke kaina. Na kashe rezo, na sake dannawa, tos ya fito.

"Ga shi, Kawu. Ai ya gaya maka bai tafi ba."

Kafin ya zaro tabarau daga aljihu, ya ɓace. Na sake. Liman ya miƙo wuya, shi ma bai kama ko harafi ba. Na sake a karo na uku, gumi na bin bayana.

Kawu ya mayar da tabaransa a hankali, ya ce, "Ɗana, wane irin ɗan aike ne wannan? Ya iske mutum na gaisawa, ya faɗi magana ƙasa-ƙasa ya juya?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi.

Hadiza ta fito cikin farin hijabi, ta yi karatunta da murya mai daɗi. Duk inda ta kai aya sai ta ɗan saci kallon hanya. Wannan kallon har yau yana ci mini rai.

Washegari na ga Kawu yana bin rumfuna yana ba abokansa haƙuri, don wasu har sun ƙullace shi. "Ku yafe ni, tsufa ne, na sha'afa," yake cewa. Ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba.

Na gyara manhajar a satin. Yanzu in saƙo bai tafi ba, jan rubutu ne ke tsayawa ƙyam a tsakiyar waya, ba ya gusawa sai ka taɓa shi. Na koyi cewa labari mai daɗi ne ake faɗa a wuce, mara daɗi kuwa tsayawa ake a jira mai shi ya ɗago kai. Gyaran ya yi kyau ƙwarai, kowa na yabawa. Sai dai Hadiza sau ɗaya za ta yi sauka a rayuwarta, kuma ta riga ta yi.