Shafin da Ban Karanta Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban ma'aikatan lafiya a Ƙaura Namoda ina koyar da abin da ni kaina ban gama karantawa ba.

Lokacin ban daɗe da fara aiki a asibiti ba. Bayan hare-haren da aka yi ta kaiwa wajajen Moriki, sai aka riƙa kawo mana samari da 'yan mata marasa ciwon da ido zai gani. Wani ya daina magana, wata ko ƙofa aka buga sai jikinta ya ɗauki rawa. Shugabanmu ya ce in tattaro abin da masu bincike suka rubuta kan magance irin wannan damuwa a wajen matasa, in yi wa abokan aikinmu na Shinkafi da Zurmi bayani, don a san hanyar da za a kama.

Mako uku ya ba ni, na gama a kwana biyu (sauran kwanakin sun tafi wajen zaryar gidan tela, saboda sabuwar shaddar da zan sa). Dabarata ita ce in karanta ɗan taƙaitaccen bayanin da ke saman kowace takarda, in ja layi duk inda aka ce an samu sauƙi, in wuce.

Ranar taro na ɗaga wata takarda sama, na ce ga mafita, bincike ya tabbatar. Har an fara tafi, sai Inna Hajo, wata tsohuwar nas daga Zurmi, ta ɗaga hannu.

"Ɗana, ni Turancina ya tsufa. Waɗanda anka gwada abin ga a kansu, shekarunsu nawa? Karanta muna."

Na buɗe cikin takardar, karo na farko a rayuwata. Ina karantawa da ƙarfi ina fassarawa, don ban san abin da ke jirana ba. Ashe dattawa ne masu ritaya. A shafin ƙarshe ma marubutan da kansu sun ja kunne, kada a ɗauka sakamakon ya shafi matasa.

Na sauke takardar. Da dariya aka yi mini, da ya fi mini sauƙi.

"Ba komi," in ji Inna Hajo. "Akwai wata ɗiya da nike dubawa, uwarta na jiran in koma mata da magana. Koma ka karanto muna da kyau."

Wata guda na yi ina karatu. Abin da na samo bai kai na farko daɗin ji ba: wasu hanyoyin suna da hujja, wasu hujjar ba ta da ƙarfi, da yawa kuma ba a gwada su kan yara irin namu ba. Da aka sake taro, haka na faɗa musu, ba wanda ya tafa, amma kowa ya rubuta.

Yanzu in aka miƙo mini takardar bincike, daga baya nake farawa, inda masana ke faɗin abin da ba su sani ba. Da ma in ce tawali'u ne ya koya mini, amma tsoro ne kawai, kada wata rana a sake cewa in karanta da ƙarfi.