Kwata Ne, Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar baje kolin kimiyya a makarantar su Kulu ba. Ko na so mantawa, matata ba za ta bari ba.

Ni dillalin hatsi ne. Daga Rawayau na taso da buhu ɗaya a bayan keke, yau motoci nake lodawa a kasuwar Dutsin-Ma. In na ɗaga buhu, na san nauyinsa kafin a ɗora shi a sikeli. Amma a gidana, masanin komai shi ne Nasiru, ƙanen matata, malamin kimiyya. Ɗiyata Kulu ba ta buɗe baki sai ka ji "Kawu ya ce." (Ni na sayi littattafan, amma Kawu ne ya ce.) Abin yana ci na, ba zan ɓoye ba.

Ranar, Kulu ta tsaya gaban iyaye da ƙwallaye biyu tana bayani: kowane abu yana jan ɗan'uwansa, mai nauyi ya fi ja, kuma da zarar sun yi nisa jan ya ragu. Nasiru na gefenta yana gyaɗa kai kamar shi ya haife ta. Sai ta rubuta a allo: in tazara ta ninka biyu, jan zai koma kwata.

Raina ya yi fari. Yau na kama Kawu! Na miƙe, na gyara babbar riga.

"Malam Nasiru, ka koyar da ita ba daidai ba. In tafiya ta ninka, man mota ninkawa yake yi. Tazara biyu, ja rabi. Ina kwata ta fito?"

"Yaya Alhaji, zauna, ma yi magana a gida," in ji shi a hankali.

"A'a, nan za a gyara."

Kulu ta sunkuyar da kai. "Kwata ne, Baba. Tazarar ake ninkawa da kanta. Biyu sau biyu, huɗu."

Da mai hankali ne, da ya zauna. Ni kuwa na ce, "To buhunan da ke sitona fa, me ya hana su matsowa juna?"

"Suna ja, Baba, kaɗan ne ƙwarai. Sai abu ya kai girman duniya ake jin jansa."

Wani dattijo daga baya ya kalli tumbina ya ce, "Alhaji, ƙara tuwo, ka kusa!"

Zauren ya ɗauki dariya. Kulu ce kaɗai ba ta yi ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

A mota na yi lissafin da na iya. Kullum ina Kurfi ko Kuki wajen awo, Nasiru kuwa yana tsakar gidana da littafi. Tun ranar, bayan La'asar nake zama kusa da Kulu tana koya mini.

Makon jiya na ji ta a kicin tana ce wa uwarta, "Baba ya ce..." Na tsaya cak, na kasa kunne.

"...har yanzu bai gane ba."

Alhamdulillahi, an dai fara ambatona. Amma in za ka yi kishi da malami, kada ka yi shi a gaban allo.