Rasuwar Kwat Mai Ruwan Toka, Wadda Ta Riga Mai Ita Cin Jarrabawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, haka ake buɗe irin wannan sanarwa, haka kuma aka buɗe ta, ko da yake mai zuciyar ya laluba ƙirjinsa ya ce shi bai ji komai a ciki ba tukuna. Ana sanar da 'yan'uwa da abokan karatu rasuwar rigar kwat mai ruwan toka, wadda ta daɗe rataye a bayan ƙofar ɗakin ɗaliban digirin dokta. Ta cika a bakin aiki, a jikin mai ita, a ranar da ya fara saka ta.

Ga wanda bai sani ba, kafin a bar ɗalibi ya fara binciken dokta na sosai, sai kwamitin malamai sun zaunar da shi sun yi masa tambayar ƙwaƙwaf a kan abin da ya karanta da abin da yake niyyar yi. In ya tsallake, ya zama ɗan takara. Ba dokta ba fa, izinin fara wahala kawai aka ba shi. Don wannan rana aka haifi marigayiya.

Mahaifin mai ita tela ne. Shi ya yanka ta, shi ya ɗinka ta a kekensa, tun shekarar da ɗan ya samu gurbin karatu. Ya bar mata rarar yadi a ciki, ya ce karatu yana ramar da mutum, amma in an gama ana murmurewa, sai a saki ɗinki. Tun daga nan duk sanda ɗan ya je gida tambaya ɗaya ce: “An sa ta?” Amsar ma ɗaya ce: “An kusa, Baba.”

Kusan da ba ta zo ba ke nan. Malamin da ke duba aikinsa ya tafi hutun bincike. Wanda ya gaje shi ya ce a sake taken aikin tun daga tushe. Aka sa rana, aka ɗage, aka sake sawa, wani ɗan kwamiti ya yi tafiya. Kwat tana bayan ƙofa cikin ledarta. Rannan wani ɗalibi ya wayi gari da tasa jarrabawar ba shi da abin sawa, ya roƙi aro, ya shiga, ya fito ya ci. Shi ke nan, bakin mutane ya ɗauka. Masu ilimin da ba sa yarda da magana sai da hujja, su ne suka yanke cewa rigar tana da sa'a, aka riƙa bin layi.

Marigayiya ba ta da ƙyashi, wannan kowa ya shaida. Ƙato ya sa ta an saki ɗinki, siriri ya sa ta an rage. Wata baiwar Allah ta shiga da ita da tsohon ciki, ba a ma rufe maɓalli ba, ta fito da nasara. Ta sha gumin tsoro iri-iri ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Maganarta ɗaya a duniya, in mai sanye da ita ya juya, shafinta na ciki ya ce ƙas-ƙas, a hankali, kamar mai cewa a bi sannu. Waɗanda suka tarar da mai ita a ɗakin suka ci, suka gama, suka yi sallama. Shi yake goge musu ita da kansa, yana cire musu zare a kafaɗa.

A bara telan ya rasu. A lokacin shugaban sashe ya riga ya tare ɗan a baranda ya gaya masa ba sauran ɗagawa, ko ya tsallake a wannan zangon ko a soke sunansa, shekarun da ya zuba su bi ruwa. Don haka ya yi zaman makokin uban da littafi a kan cinya, ana yi masa gaisuwa yana amsawa, yatsansa na riƙe da layin da ya tsaya. Maza suka yaba masa dauriya. Gwaggonsa ta ce a gaban kowa, “Wannan yaro dutse ne.” Bai musa ba, ya juya shafi.

Ciwon ajalin marigayiya ya samo asali daga na ƙarshe da ya are ta, wanda ake kira Tsinke saboda ƙirarsa. Ya kai an rage ta, ya dawo da ita bai ce uffan ba. Mai ita kuma bai gwada ba. Sau da yawa ya miƙa hannu zai cire ledar sai ya fasa. Ranar jarrabawa ya zura hannu ya ji ta kama shi a hammata, ga lokaci ya ƙure, ya shiga a haka, kafaɗu a ɗage kamar mai jin sanyi.

Ta daure, Allah ya sani. Ta jure tambayoyin farko, ta jure farfesan da ba a taɓa gamsar da shi ba. Sai wata malama ta ce ya tashi ya zana musu tsarin binciken a allo. Ya ɗaga hannu zuwa saman allon, marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe: ƙyaaat, daga hammata har tsakiyar baya. Wani ya yi tari. Shi kuwa bai waiwaya ba, ya ci gaba da zane, iskar fanka tana shiga ta inda ta yage, har ya kai ƙarshen allo. Aka ce ya jira a waje. Da aka kira shi, shugaban kwamiti ya miƙa masa hannu ya ce barka, ya zama ɗan takara. Mai ita ya ce, “To.”

Abokai sun yi ihu a baranda, Tsinke har da hawayen neman gafara. Mai ita ya ciro waya daga aljihu kamar zai kira Baba, ya dube ta, ya mayar.

An garzaya da marigayiya wurin mahaifiyarsa, wadda ta yi shekaru tana yi wa telan ƙarashen aiki. Ta juya ta ciki waje ta ɗaga a haske. An farke an ɗinke har yadin ya zama rariya, babu inda allura za ta kama, rarar nan kuwa an cinye ta tas. Ɗinkin telan na asali a wuya kaɗai ya rage. Ta shafa wurin ta ce, “Ai babanka ya san kana ba da aronta. Ya taɓa ganin ta ta wuce ƙofar shago a jikin wani. Na ce zan yi maka faɗa, ya ce in ƙyale ka, ko ba komai rigar tana zuwa makaranta.” Nan ma ya ce, “To.”

Ta rasu ta bar ɗan'uwanta wando, wanda ba a taɓa arowa ba, har yanzu da karin gugar farko. Ta bar ƙusa a bayan ƙofa, da daktoci da dama a garuruwa daban-daban, da ɗalibai biyu da ke kan layi, waɗanda aka shawarta su koma su yi karatu.

Ba za a yi mata sallah ba, riga ce, an sani. Za a ninke ta gobe bayan la'asar a sa a aljihun keken ɗinkin da ke lulluɓe a shago. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, a inda aka zauna bara. Ana roƙon Gwaggo ta zo. Ba za a fito da littafi ba, kuma waɗanda suka yaba dauriya wancan karon su yi haƙuri, wannan karon ba a yi alkawari ba.

Kafin a rufe shagon, mai ita yana roƙon a ba shi wuri shi kaɗai na ɗan lokaci. Akwai tambayar da aka daɗe ana yi masa a gaban keken nan, yana so ya ce an sa ta.