Ranar da na ci ɓawon masara

Da Tanti Hadiza ta zo daga Paris, na ce a bar mini zaɓen wurin cin abinci. Na kai ta gidan abincin 'yan Meksiko da ke unguwarmu a Lyon, tare da ƙanwata Rabi. Sau ɗaya na taɓa shiga, amma na zauna kamar ni na gina wurin.

"Tanti, abincinsu da ƙunshinsa ake ci," na ce. "Kar ki kwance komai, a yi mana dariya."

Aka kawo wani tuwo da kaza a ciki, naɗe cikin ɓawon masara. Na kai baki na gatsa. Ɓawo ya ƙi taunuwa, ni kuma na ƙi tofarwa, har da gyaɗa kai.

Tanti ta kwance nata a natse kamar alala, ta turo mini ɓawon.

"Ungo ɗana, ƙara. Ni haƙorana ba su kai ba."

Har yau, in Rabi ta dafa masara sai ta bugo mini waya: "Yaya, mun cinye namu, rabonka na nan cikin leda."