Damben Littafi

Wani ne a Soron Ɗinki, maɗinkin hula, siriri kamar sillen kara, amma in ya fara cika baki sai ka rantse shi ya gina ganuwa. Yana neman wata bazawara mai fura a Ƙofar Mazugal, sunanta Uwani. Akwai kuma wani mahauci, Audu, ɗan dambe, shi ma can yake shan fura, kuma ba furar kaɗai ke kai shi ba.

Ran nan suka haɗu. Audu ya zo zama, ya ɗauke mutumin namu daga kan benci da hannu ɗaya ya ajiye gefe, kamar an kawar da buta. Uwani ta yi dariya har ludayi ya suɓuce mata. Abin ya yi wa maɗinkin ciwo ƙwarai.

Ya ce, "Juma'a mai zuwa mu haɗu a fage! In ban kai ka ƙasa ba, kada in ƙara taka ƙofar Uwani!"

Uwani ta ce, "Na shaida."

Audu ya ce, "Allah ya kai mu," ya ci gaba da shan furarsa.

Sai da gogan ya isa gida ya tuna ko kaza bai taɓa duka ba. Lokacin kuwa an buɗe ajin Yaƙi da Jahilci, kowa cewa yake babu abin da babu a littafi. Shi bai shiga ajin ba, ya ce allonsa ya ishe shi, amma maganar ta zauna masa. Sai ya nufi kasuwar Kurmi wurin Malam Salihu mai sayar da littattafai.

"Malam, wane littafi 'yan dambe ke karantawa?"

"Su wa? Su ai ƙirji suke karantawa. Amma tsaya." Malam ya tono wani tsohon littafi da kukun wani Bature ya kawo masa. "Ga na damben Turawa. Ɗan dambe, ɗan kokawa, duk mai son faɗa ya kamata ya duba shi. Turanci ne, amma duk hotuna ne. Kawo in nuna maka yadda ake..."

"Haba Malam! Ni za a koya wa buɗe littafi? Izu goma fa na yi!"

Ya koma gida, ya yi bisimilla, ya buɗe daga dama, yadda ya saba buɗe kowane littafi tun yana yaro. Hoton farko, ga Bature kwance shame-shame, fuska a kumbure. Na biyu, ya fara tasowa. Na uku, ya miƙe, an dasa masa dunƙule a haɓa. Ya yi ta buɗawa. Ikon Allah, ana dukan Baturen nan kumburin yana saɓewa! A hoton ƙarshe ga shi tsaf, gashi a taje, yana murmushi, abokin faɗan har ya miƙo masa hannu.

Ya ce, "Kai! Ashe asirin ke nan! Shi ya sa Turawa suka ci ƙasar nan. Da kwanciya ake farawa!"

Kwana shida yana atisaye. Ya faɗi a tsakar gida, ya tashi, ya sake faɗuwa. Gwaggonsa 'Yardada ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, farfaɗiya ce ta same ka da girmanka?"

"Dambe nake koyo, Gwaggo. Kauce, kina tare mini wurin faɗuwa."

Ran Juma'a da la'asar fage ya cika, kalangu na tashi, Uwani na gaba-gaba. Aka naɗe wa gogan hannu, Audu ya fito yana taku. Kafin ya matso, mutumin namu ya zube ƙasa ya baje, ya rufe ido. A dambe kuwa ko gwiwarka ce ta taɓa ƙasa an kashe ka.

Wuri ya kaure. "Ya kashe shi da ido! Audu ya kashe shi da ido!"

Audu ya ce, "Wallahi ban taɓa shi ba."

Gogan ya taso a hankali, yadda ya gani a hoto, ya kaɗe riga. "Ku yi ta dariya, jahilai. Wannan babi na farko ne." Ya miƙa wa Audu haɓa. "Bisimilla. Nan."

Audu ya ce, "Malam, ka tabbata?"

"Kai dai daka! Yanzu ƙarfina zai zo."

Audu kuwa ba marowaci ba ne.

Gogan bai farfaɗo sosai ba sai ran Asabar da hantsi. Uwani ta aiko da fura, ta ce a yi masa sannu, a kuma tuna masa ita ce shaida. Yana kwance yana nishi sai ga Malam Salihu ya zo dubiya. Ya ga littafin a kan tabarma, ya ɗauka ya juya shi.

"Bawan Allah, ta ina ka fara? Littafin Turawa ai daga hagu ake buɗe shi."

Mutumin ya karɓa, ya buɗe daga hagu da idonsa ɗaya da ya rage. Ga Bature tsaf yana murmushi. Ga dunƙule a haɓa. Ga shi kwance, fuska a kumbure. Ya shafa nasa kumatun, ya dubi Malam.

"Tiryan-tiryan abin da aka yi mini ke nan. Malam, tsakaninka da Allah, yaushe ka sayar wa Audu nasa?"