Lambar da Na Bari a Bakin Rami

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka tsayar da haƙar rami a Dubai don a neme ni, alhali ina unguwar Deira ina cin shinkafa da kaza.

Ban daɗe da gama digiri ba a lokacin. Kamfaninmu yana shirin zana ramin jirgin ƙasa mai tsananin gudu, kuma kafin a zaɓi waɗanda za su shiga zanen, aka tura mu sababbin injiniyoyi wani ramin metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, da ake haƙawa mu ga aiki da idonmu. Injiniya Mudi, babba a ofis, mutumin Zariya, shi ya tsaya mini har aka sa sunana. Ya gaya wa manya bai taɓa ganin yaro mai taka-tsantsan irina ba (ina jin bai yi ƙarya ba, domin ko ƙofa na kulle sai na dawo na murɗa ta).

A bakin ramin akwai allo. Kowa yana da 'yar lambarsa ta tagulla. In za ka shiga ka rataye ta, in ka fito ka cire. Lambar da ta rage a allo bayan an tashi, mai ita yana ƙarƙashin ƙasa ke nan.

Ran nan, bayan na rataye tawa na shiga, sai na hangi damshi a mahaɗar kankaren bango. Wataƙila ba komai ba ne, amma in komai ne fa? Na bi shi ina ɗaukar hoto har wayata ta mutu. Da na ɗaga kai sai na gan ni kusa da tasha ta gaba, wadda ba a gama ginawa ba, ga matakala zuwa sama, ga La'asar na neman wucewa. Na hau na yi salla. Lokacin tashi ya riga ya yi, sai na tari mota zuwa Deira, inda kawuna da ya zo daga Kano ɗaure kaya yake jirana.

Muna cikin cin abinci Kawu ya fara tsokanata, wai an kashe kuɗi na yi boko na ƙare a rami kamar gafiya. Sannan ya tambaya, in mutum ya ɓace a can ƙasa, wa zai sani? Na gyara zama na soma yi masa lacca a kan allon nan. Ina cewa "in ka fito ka cire," sai na tsaya cak da loma a hannu.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai, ɗan nan, ba dai taka tana can ba?"

Da wayarsa na kira Injiniya Mudi. Da ya ɗauka, ina jin ƙugin fankokin rami a bayansa. An kashe injin haƙa, an hana masu karɓar aiki shiga, masu ceto sun bi ramin da fitilu, shi ma ya sauka da ciwon gwiwarsa. Na soma, "Ranka ya daɗe, a gaskiya, wato, akwai wani damshi..."

"Kana lafiya?"

Na ce lafiya lau.

"Alhamdu lillahi. Ina ta tunanin me zan gaya wa mahaifiyarka. Khalas, shi ke nan, gama cin abincinka."

Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Damshin kuwa, ashe ruwan wanke ƙasa ne ya fantsama. Washegari na cire lambata a gaban ma'aikata, wani Balarabe yana ce mini, "Habibi, barka da tashi daga kabari." Ba a kore ni ba, amma da aka zaɓi masu zanen babu ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun daga nan ban sake jin an nemi shawarar Injiniya Mudi a kan sababbin ɗauka ba, kuma bai taɓa yi mini gori ba.

Har yanzu ni matsoraci ne, ban warke ba. Sai dai na gane duk tsorona a kan abin da zai iya lalacewa yake, bango da ruwa da ƙarfe. Ban taɓa sa kaina a lissafin ba, kuma a ranar nan duk faɗin ramin ni kaɗai ne matsalar.